Duwatsu masu rai daga wani shago a Abuja: tsirran sun yi, ƙasar da takardar bayanin ba su yi ba

Akwai wani shagon sayar da tsirrai a Abuja da ke tallar hajarsa a Instagram, yana kuma karɓar ciniki ta WhatsApp, kuma daga cikin abin da yake sayarwa akwai wani ƙunshi da ya tanada domin masu son fara renon Lithops, tsiron nan na kudancin Afirka da ake yi wa laƙabi da dutse mai rai. A cikin ƙunshin akwai tsirrai shida, kowanne a 'yar tukunyarsa ta roba, da jakar ƙasar dashe, da takardar bayanin kulawa mai shafi ɗaya, sai kuma ɗan ƙullin iri da suka sako a matsayin gyara. Na saya, na rene su a Kano har damina da hunturu da bazara suka zagaya a kansu, kuma abin da na gani shi ne tsirran kansu, in ban da guda ɗaya, lafiyayyu ne, sun cancanci kuɗinsu, amma duk wanda ya dasa su a ƙasar da aka haɗo da su, ya kuma bi takardar sau da ƙafa, to da wuya ya kai ƙarshen watan Agusta da ko guda ɗaya a raye.

Wanda bai taɓa ganin tsiron ba zai yi mamakin yadda ake kashe kuɗi a kansa. Ba shi da kara, ba shi da reshe, duk jikinsa ganye biyu ne masu kauri da suka manne da juna, da tsaga a tsakaninsu, tamkar ƙwayar goro da aka fara ɓarewa ba a ƙarasa ba. A inda yake fitowa, wato Namibiya da Afirka ta Kudu da wani ɗan yanki na Botswana, yawancin jikinsa a binne yake cikin tsakuwa, samansa kawai ke leƙowa, kuma launinsa kan saje da duwatsun da ke kewaye da shi har dabba mai jin ƙishirwa ta wuce ba ta lura ba. A saman kowane ganye akwai wani fili mai ɗan sheƙi da haske ke ratsawa ya shiga ciki, ta nan ne tsiron ke samun hasken da yake sarrafa abincinsa da shi alhali yana ɓoye a ƙasa. A shekarar 1811 ne William Burchell, wani Bature ɗan Ingila mai binciken tsirrai, ya duƙa ya ɗauki abin da ya zata tsakuwa ce mai ban sha'awa a yankin Prieska na Afirka ta Kudu, sai ya tarar tsiro ne, sannan a 1922 wani masanin tsirrai mai suna N. E. Brown ya ware wannan dangi ya ba shi sunan da ake kiransa da shi a yau. Nau'o'in da masana suka amince da su sun haura talatin.

Ta fuskar ciniki da aike ba ni da ƙorafi. Matashiyar da ke amsa saƙonni tana da ladabi da saurin amsawa, kuma kafin in biya ta ɗauko hoton ainihin tsirran da za a turo mini ta aiko, abin da ba kowane mai saye da sayarwa a intanet ke yi ba. Hoton ya yi amfani, domin waɗanda suke sakawa a shafinsu an ƙara musu launi ƙwarai, har wasu na komawa shuɗi ko ruwan hoda mai ƙyalli, alhali launin tsiron na gaskiya bai wuce ruwan toka da ruwan ƙasa da kore mai duhu da ja mai dusashewa ba. An ba direba kwalin a tasha, ya iso a rufe ruf, an cusa takarda a tsakanin tukwanen, an kuma rufe saman kowace da auduga don kada ƙasa ta zube. Abu ɗaya da na so a ce sun yi shi ne su turo tsirran a tsuge, saiwa a waje kuma a bushe, kamar yadda masu sana'ar suka saba, saboda wannan tsiro yana iya yin makonni ba ƙasa ba ruwa bai damu ba, amma kwana kaɗan a jiƙaƙƙiyar tukunya cikin rufaffen kwali a bayan mota mai zafi na iya dafa shi. Nawa sun iso da ɗan danshi a ƙasarsu, alamar an yi musu ban ruwa kafin tafiya da niyyar kyautatawa.

Tsirran sun zo gajeru, masu tauri, ba tabo, kuma samansu a shafe yake kusa da bakin ƙasa, wanda ke nuna cewa an rene su a wadataccen haske. Tsiron da aka ajiye a inuwa yakan miƙe ya yi tsawo ya koɗe, kuma duk wanda aka tallata masa irin wannan da sunan ya fi girma, to ya san cewa wahalar rashin rana ce ta miƙar da shi. Huɗu daga cikin shidan sun zo da sunan nau'insu a jikin 'yar takarda: lesliei da aucampiae da salicola da karasmontana. Zaɓin yana da ma'ana ga mai farawa, domin lesliei daga tuddan cikin ƙasar Afirka ta Kudu yake, inda ruwa ke sauka a lokacin zafi kuma da ɗan yawa, shi ya sa ya fi 'yan uwansa haƙuri da hannun da ya cika ban ruwa, haka ma aucampiae mai launin ƙasa ja da ake samu a wajen garin Postmasburg na ƙasar. Shi kuwa karasmontana daga tsaunukan Karas na kudancin Namibiya yake, kuma ya fi su son ƙarancin ruwa. Sauran biyun an rubuta musu gauraye ne kawai. Wannan gazawa ce, ko da ba babba ba, saboda sanin nau'i ne ke gaya wa mai reno irin ƙishirwar da tsironsa ya saba da ita. Akwai nau'in optica da ke fitowa a gaɓar teku kusa da garin Lüderitz na Namibiya, inda ruwan shekara bai kai milimita 50 ba kuma hazon teku ne ke rayar da tsirrai, kuma ba daidai ba ne a shayar da shi yadda ake shayar da lesliei. Masu sayarwa da suka san aikinsu sukan haɗa har da lambar Cole, tsarin da Desmond Cole, malamin harsunan Bantu a Jami'ar Witwatersrand, da matarsa Naureen suka kafa bayan shekaru suna bin dazuzzuka suna rubuta inda kowane rukuni yake. Da na tambayi shagon wannan lamba, amsar da aka ba ni ita ce za a tambayi oga, kuma daga nan ban sake jin labarin ba.

Ƙasar da suka haɗo da ita ita ce babbar matsalar wannan ƙunshi. A jikin jakar an rubuta cewa an haɗa ta ne musamman domin tsirrai masu ajiye ruwa a jikinsu, amma da na zuba ta a tire na baje, sai na ga mafi yawanta garin ɓawon kwakwa ne da baƙar ƙasa mai taki, da 'yan fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi da ake barbaɗawa don ƙasa ta sha iska. Na jiƙa ɗan dunƙule na matse a tafin hannu, ya dunƙule ya ƙi wargajewa, na kuma cika tukunya ɗaya da ita ba tare da tsiro ba na ajiye a baranda, aka ɗauki kusan mako ƙasanta bai bushe ba, kuma wannan a lokacin rani ke nan. Irin wannan haɗi zai yi wa fulawar cikin falo kyau, amma ga Lithops kisa ne, domin saiwarsa ba ta jure zama a danshi, kuma idan ruɓa ta kama ta daga ƙasa ba a ganin alama sai ranar da aka taɓa tsiron aka ji ya yi laɓo-laɓo, a lokacin kuwa babu abin da za a ceto. Haɗin da ya dace kashi takwas ko tara cikin goma dutse ne, ragowar ne kawai ƙasa. Ba sai an yi odar komai daga waje ba: ƙananan tsakuwar masu gini, wadda girmanta bai wuce milimita biyu zuwa huɗu ba, da yashin rafi mai gautsi, da fasasshen jan bulo da aka daka, duk sun wadatar, muddin an tankaɗe su da rariya an kuma wanke ƙurar tas. Ƙurar da lallausan rairayi su ne ke toshe ƙofofin iska su mayar da tukunya kamar siminti, saboda haka wanda ya ce zai ɗebo rairayin ƙofar gida don ya ji an ce tsiron hamada ne bai tsira ba. Alamar haɗi mai kyau ita ce ruwa ya bi ta ƙasan tukunya nan take, kuma cikin kwana biyu ko uku komai ya bushe.

Tukwanen robar ma gajeru ne. Tsiron yana da doguwar saiwa guda da ke nutsawa ƙasa, yana buƙatar zurfin kamar santimita goma. Na mayar da su cikin tukwanen yumɓu na maginanmu da na sa aka huda musu gindi, na bar su mako guda ba ruwa don raunin saiwa ya warke.

Sai takardar bayani, wadda ta ce a yi ban ruwa sau ɗaya a mako, a ajiye a wuri mai haske, a kuma rage ruwa a lokacin sanyi. Babu shakka an kwafo ta ne daga wani bayani na gama-gari da aka rubuta domin masu ajiye tsirrai a bakin taga a Turai ko Amurka, kuma ba ta ambaci abu mafi muhimmanci a rayuwar wannan tsiro ba, wato sauya ganye. Sau ɗaya a shekara, bayan lokacin fure, sabon ganye biyu kan fara girma a cikin tsohon, a ɓoye, yana tsotse ruwan da tsohon ya tara, har tsagar ta buɗe sabon ya leƙo, tsohon kuma ya yi ta yamushewa har ya zama busasshen ɓawo a gefe. Wannan aiki yana ɗaukar watanni, kuma a duk tsawonsa ba a ba tsiron ruwa ko ɗigo. Idan aka shayar da shi a lokacin, tsohon ganyen zai sake kumbura ya ƙi mutuwa, sabon ya matse a tsakiya, tsiron ya tara ganye hawa-hawa ko ya fashe, daga nan sai ruɓa. A nan ne masu farawa ke faɗawa, saboda tausayi kan kama mutum idan ya ga tsironsa na yamushewa, sai ya ɗauko buta, alhali yamushewar ita ce alamar komai na tafiya daidai. Shago da ke karɓar kuɗin mutane da sunan ƙunshin masu farawa bai kamata ya bar wannan bayani a baya ba.

Ranar ban ruwa ba a kalanda take ba, a jikin tsiron take. Idan ba ya cikin sauya ganye, kuma aka ga gefensa ya yi ƙananan tamoji, samansa ya ɗan lotsa ya ja da baya zuwa cikin tsakuwa, to a shayar da shi sosai da yamma har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan a manta da shi sai ya sake nuna wannan alama, ko da kuwa za a yi wata guda. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ya fi komai illa, domin yana jiƙa wuyan tsiron ba ya kai wa saiwa.

Yanayinmu yana da nasa hukunci, kuma takardar ba ta san da shi ba. Hunturu ne lokacin da tsirran suka fi jin daɗi: iska a bushe, dare da sanyi, rana ba ta da zafi sosai, illa ƙura da ke rufe saman ganyen, wadda nake sharewa da ɗan buroshi mai laushi don kada ta tare haske. Bazara kuwa sai an yi hattara. Wannan tsiro yana rufe ƙofofin numfashinsa da rana don kada ya yi asarar ruwa, sai da dare yake buɗe su ya shaƙi iska, kuma wannan tsari yana son dare mai sanyi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 kuma dare ma ba ya hucewa, tsiron kan dakatar da komai ya kwanta, kuma ruwan da aka zuba masa a irin wannan hali zama zai yi a tukunya ya ɗumame saiwa. A lokacin rana ta safe ta sa'o'i huɗu ko biyar ta ishe shi, daga azahar kuma sai inuwa mai iska, domin ƙaramar tukunya da ke kan siminti tana ɗaukar zafin da ƙasar daji ba ta ɗauka, kuma ƙunar rana kan bar farin tabo da ba ya gogewa sai an sauya ganye. Damina ita ce jarrabawa mafi tsanani. Dole a ajiye su ƙarƙashin rufi inda feshin ruwa ba ya kai wa, a kan wani abu mai tsayi, inda iska ke kaɗawa, kuma a watan Agusta ban ba su ruwa ba sam, laimar iska kaɗai ta riƙe su. Da kaka ta kama, dare ya fara sanyi, na dawo da ban ruwa, kuma a nan ne salicola ya fitar da farin fure daga tsakiyar tsagarsa, lesliei kuma ruwan ɗorawa, kowanne faɗinsa ya kusa rufe tsiron. Furen ba ya buɗewa sai bayan azahar, ya rufe da faɗuwar rana, ya maimaita haka na wasu kwanaki.

Ɗaya daga cikin marasa sunan ya zo da ƙwari a saiwa, irin ƙananan nan masu farin gari a jiki da ke maƙalewa suna tsotsar ruwa, kuma ban gan su ba sai da na zazzage tsohuwar ƙasar lokacin dashe. Wannan ma wani dalili ne na kada a bar tsiro a ƙasar da ya zo da ita. Na wanke saiwar, na goge ta da sifirit na kemis, na ware shi daga sauran, amma bai farfaɗo ba. Da na aika wa shagon hoto ba su yi gardama ba, suka ce, “Malam, ka yi haƙuri, za mu sako maka wani,” kuma sun cika alkawari, ni dai na biya kuɗin mota. A wannan fanni sun yi abin a yaba. Da na yi musu maganar ƙasa da takarda kuwa, amsar ita ce haka suke sayar wa kowa kuma ba a taɓa kawo ƙara ba, wanda ban yi mamaki ba, domin wanda tsironsa ya ruɓe yakan ɗora wa kansa laifi, ba ya tunanin jakar da aka sayar masa.

Akwai tambayar da ya kamata duk mai sayen irin waɗannan tsirrai ya yi, wato daga ina suka fito. Tun wajen shekarar 2019 satar tsirrai masu ajiye ruwa daga daji ta yi ƙamari a Afirka ta Kudu, musamman a yankin Namaqualand, inda ake tone su ana safararsu zuwa kasuwannin Asiya da Turai, kuma waɗanda hukumomi suka ƙwace sun haura miliyan ɗaya. Dangin Conophytum, wanda ɗan uwan Lithops ne na kusa, shi ya fi shan wahala, domin wasu nau'o'insa a kan tsauni ɗaya tak suke a duk duniya, har ta kai Afirka ta Kudu ta sanya shi a jerin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, a 2023 don a sa ido kan cinikinsa. Tsirran da aka turo mini ba su da alamar daji: ƙanana ne, girmansu ɗaya, kai ɗaya kowanne, fatarsu sumul, saiwarsu cikakkiya, kamannin waɗanda aka shuka daga iri a gandun reno. Na daji yakan zo da kawuna da yawa, da tarin tsofaffin ɓawo, da tabon rana da cizon dabbobi, da yankakkiyar saiwa. Shagon ya ce daga wani mai reno a Asiya yake sarowa, kuma abin da ido ya gani bai saɓa wa hakan ba. Wanda yake tunanin yin odar kansa daga waje ya sani cewa shigo da tsiro mai rai Nijeriya yana buƙatar izinin hukumar killace amfanin gona ta ƙasa da takardar shaidar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito.

Farashin ba na wasa ba ne. Kuɗin ƙunshin zai sayi manyan tukwanen kariya masu fure da dama a wajen 'yan fulawa na bakin titi, kuma kariya tamu ce, ta saba da bazararmu da daminarmu, ba ta neman a yi mata rufi. Wanda abin da yake so shi ne tsiro mai jure fari da zai ƙawata tsakar gida, ya nemi kariya ko aguwa ko karan masallaci ya huta. Lithops na wanda zai iya kallon tsiro watanni uku yana yamushewa bai kai hannu ga buta ba ne, kuma yana da inda zai ajiye shi nesa da yara da kaji, domin kaza ba ta ɗauke shi dutse, sara take kai masa. Da shagon zai sayar da tsirran su kaɗai ya cire kuɗin jakar ƙasa, da cinikin ya fi adalci, kuma na tambaya an ce ana iya yin hakan idan mutum ya nema tun farko.

Irin da suka ba ni gyara ya fito, kuma na gaskiya ne, abin da ba a cika samu ba a cinikin iri ta intanet, inda ake sayar wa mutane irin ciyawa da hoton Lithops mai launin bakan gizo. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kusan ƙura, shi ya sa ba a binne su. Barbaɗawa ake yi a saman jiƙaƙƙiyar tsakuwa mai laushi, a rufe bakin tukunyar da farar leda, a ajiye a inuwa mai haske. Na shuka a farkon hunturu saboda sanyin dare na taimaka wa tsirowa, kuma cikin mako biyu korayen ɗigo-ɗigo suka bayyana, sai na riƙa buɗe ledar a hankali har suka saba da iska. Jarirai, saɓanin manya, ba sa jure bushewa a watannin farko, ana fesa musu ruwa a kai a kai har sai sun yi sauyin ganye na farko. Ba a rubuta nau'in irin a jikin ƙullin ba, kuma tun da zanen saman ganye ba ya fitowa sosai sai tsiro ya girma, fure kuma sai bayan shekara uku ko huɗu, sai a lokacin zan iya tantance ko lesliei ne ko wani daban.